Abin da Na Gani a Laburaren San Faransisko a Watan Yuni

Duk wanda zai je San Faransisko a watan Yuni, ya tafi da rigar sanyi. Garin yana jihar Kalifoniya, wadda ake yi wa kallon ƙasar rana da bakin teku, amma da la'asar ta yi sai hazo ya taso daga tekun Pasifik ya lulluɓe tuddan garin, iska ta riƙa ratsa mutum har ƙashi. Ɗan ƙanwata da na sauka wurinsa a Oakland, a ƙetaren ruwa, shi ya ara mini wata jibgegiyar riga, ya ba ni katin shiga jirgin ƙasan da suke kira BART, ya ce, "Kawu, ni aiki zan wuce, sai dare. Ka sauka a tashar Civic Center, da ka fito za ka ga laburaren. Na san a can za ka fi sakewa." Ya san hali. Na daɗe ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, kuma duk garin da na shiga, ɗakin karatunsa nake fara nema kafin kasuwarsa.

Jirgin ta ƙarƙashin ruwa yake bi ya ɓulla tsakiyar birni. Da na hau matakala na fito titin Market, abin da idona ya fara cin karo da shi tutoci ne masu launin bakan gizo, a jikin kowane turken fitila, a jere har inda ido ya ƙare. Gara in faɗa tun yanzu: labarin nan ya taɓo masu neman jinsi, maza da mata, da waɗanda suka sauya jinsi, waɗanda a can ake haɗa su a ce LGBTQ. Yuni shi ne watan bikinsu, wanda suke kira Pride, suna tunawa da daren 28 ga Yuni 1969 da 'yan sanda suka kai samame wata mashaya mai suna Stonewall a birnin New York, mutanen ciki suka ƙi watsewa. Na san nauyin wannan magana a wurinmu. Ni Musulmi ne, da aƙidata na tafi, da ita kuma na dawo. Amma matafiyin da ya runtse ido a duk inda bai saba ba, me zai kawo wa mutanen gida?

Babban laburaren yana fuskantar fadar magajin gari, fili ne kawai a tsakaninsu. Fadar tana da ƙubba mai ado da ruwan zinariya, wadda ta ɗara ta majalisar dokokin Amurka da ke Washinton tsawo. An buɗe wannan ginin laburaren ranar 18 ga Afrilu 1996, kuma da gangan aka zaɓi ranar, domin a ranar ce girgizar ƙasar 1906 ta cika shekara 90. A wancan lokaci laburaren garin yana cikin tsohuwar fadar magajin gari, girgizar da gobarar da ta biyo bayanta suka cinye mafi yawan littattafansa, da tarin takardun hukuma. Mutanen garin sun san zafin rasa takarda, kuma ina ganin wannan yana cikin abin da ya sa suke da naci wajen adanawa. Ginin da laburaren ya baro a 1996 yana nan gefe, an mai da shi gidan adana kayan fasahar ƙasashen Asiya.

Ba a tambaye ni kati ba, ba a tambaye ni daga ina nake ba. Da ka shiga sai ka tsinci kanka a wani fili da aka bari a buɗe tun daga ƙasa har rufi, hasken rana yana saukowa ta gilashi, kana hango mutane a kowane hawa. Akwai ɗalibai da kwamfutocinsu, da tsofaffi 'yan asalin Sin suna karanta jaridu da harshensu, da uwaye masu tura kekunan jarirai. Akwai kuma mutane da yawa da kallo ɗaya za ka yi musu ka san a titi suka kwana, da jakunkunansu da bargunansu. Unguwar Tenderloin, inda talauci da shaye-shaye suka yi katutu, tana bayan laburaren. Maimakon a sa masu gadi su riƙa korarsu, a 2009 laburaren ya ɗauki cikakkiyar jami'ar walwalar jama'a aiki, mai haɗa su da wurin kwana da asibiti, kuma shi ne laburaren gwamnati na farko a Amurka da ya yi haka. A 2019 suka soke tarar da ake cin wanda ya makara wajen maido da littafi, da suka lura talakawa ne tarar ke hanawa dawowa. Duk mazaunin Kalifoniya yana iya karɓar katin aro kyauta, ya yi amfani da shi a nan da rassa 27 da ke unguwanni. Wurin ya tuna mini da inuwar ƙofar gidan mai unguwa, inda attajiri da almajiri ke zama ba wanda ya isa ya ce wa wani tashi.

Wani bango ya tsayar da ni. Da suka koma amfani da kwamfuta, ba su zubar da duk tsofaffin katunan da ake neman littafi da su ba. An raba wa mutanen gari kusan katuna 50,000, kowa ya rubuta wani abu da hannunsa a kan katin, daga cikin littafin da katin ke nunawa ko wani makamancinsa, da harsuna iri-iri, sannan aka manne su a bango aka shafe da wani abu mai ɗaukar ido. Na matsa kusa ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Wani rubutun tsaf-tsaf na wanda ya sha makarantar da, wani a karkace da jan biro, a ƙarƙashinsa kuma ana ganin ainihin bugun tafireta da lambar littafin, da ɗan ramin da sandar akwati ke ratsawa.

A bakin ƙofa na ɗauki jaridar wata-wata da suke bugawa, mai jerin shirye-shiryensu. A nan na fara gane yadda suka ɗauki aikinsu. Shirye-shiryen bikin Pride suna nan: nuna finafinai, zama da marubuta, baje kolin tsofaffin hotuna, aikin hannu na matasa. A gefensu akwai na Juneteenth, ranar 19 ga Yuni da baƙaƙen fata ke tunawa da isar labarin 'yanci ga bayin Galveston ta jihar Texas a 1865, wadda ta zama hutun ƙasa a 2021. Ga ajin koyon Turanci na baƙi, ga taimakon masu neman takardar zama ɗan ƙasa, ga koyar da tsofaffi amfani da waya. Duk a takarda ɗaya, da harafi iri ɗaya. A taron da na zauna a zauren ƙasa, kafin a fara komai sai da mai gabatarwa ta karanta wasu 'yan layuka tana shaida cewa ƙasar da ginin ke kai ta mutanen Ramaytush Ohlone ce, 'yan asalin wurin tun kafin zuwan Sifaniyawa a 1776. Karanta layuka ba ya maido wa kowa gonarsa, amma yaron da ya ji sunan yana iya hawa sama ya nemi littafin.

A hawa na uku aka keɓe wa al'ummomin garin wurare: na baƙaƙen fata, na 'yan Sin, na 'yan Filifin. A nan kuma cibiyar James C. Hormel take, wadda aka buɗe tare da ginin a 1996 domin tattara littattafai da tarihin masu neman jinsi. Hormel jikan mai wani babban kamfanin naman gwangwani ne na jihar Minnesota, ya ba da dala 500,000 aka kafa cibiyar. Shi ne mutum na farko da ya fito fili ya ce shi mai neman maza ne kuma ya zama jakadan Amurka. Shugaba Bill Clinton ya gabatar da sunansa a 1997, wasu 'yan majalisar dattawa suka toshe, sai a 1999 Clinton ya naɗa shi jakada a Luxembourg lokacin da majalisar ke hutu. Ya rasu a 2021.

Ɗakin zagayayye ne, an yi masa ado da katako, a rufinsa akwai babban zane na mutane suna yunƙurin fitowa daga duhu, da sunayen marubuta da masana na zamunna daban-daban. Na ɗan tsaya a bakin ƙofa kafin in shiga. Abin da na tarar ɗakin karatu ne: kujeru, kantoci, mutane kowa ya duƙufa. Wani dattijo Bature mai dogara sanda ya ga hulata ya tambaye ni ƙasata, na ce Najeriya. Ya gyara mini kujera. Ya ce shi ya zo garin yana saurayi a shekarun 1970, daga wani ƙaramin gari inda mahaifinsa ya ce kada ya sake taka masa gida. Ya ciro wani tsohon littafin adireshi daga aljihun rigarsa, bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi, an ɗaure shi da roba. Ya buɗe yana nuna mini. Kusan kowane shafi akwai sunayen da aka ja wa layi da fensir, a wani shafin ma babu sunan da ya tsira. Ya ce fensir ya yi amfani da shi saboda hannunsa ya kasa ɗaukar biro a kan sunan aboki.

Ƙanjamau yake nufi. An fara ba da rahoton cutar a Amurka a 1981, kuma San Faransisko na cikin garuruwan da ta fi yi wa ɓarna. A 1983 babban asibitin gwamnati na garin ya buɗe sashe na musamman domin masu ita, lokacin da a wurare da yawa ma'aikata ke tsoron ko taɓa su. Dubban samari suka mutu cikin 'yan shekaru. Dattijon ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne abin da ke biyo bayan mutuwar. Dangin da suka yi shekaru ba su nemi mutum ba sai su zo su kwashe kujeru da talabijin, wasiƙunsa da hotunansa da littafin da yake rubuta sirrinsa kuwa a zuba a kwandon shara. Abokai sukan bi dare su tsinto su. Irin wannan ne ya sa a 1985 wasu suka kafa ƙungiyar adana tarihinsu a garin, kuma irin waɗannan kwalaye suna cikin abin da ya cika ma'ajiyar laburaren. A 1987 wani ɗan gwagwarmaya mai suna Cleve Jones da abokansa suka fara ɗinka wani ƙaton mayafi na tunawa, kowane mamaci da ƙyallensa mai faɗin ƙafa 3 da tsawon ƙafa 6, wato girman kabari. Magungunan da suka fara riƙe cutar sosai ba su samu ba sai wajen 1996, shekarar da aka buɗe ɗakin da muke zaune a ciki.

Ina sauraronsa zuciyata tana gida. Mu ma mun ga wannan cuta, ta wata hanyar. Na tuna wani malami abokin aikina da ya rame ya ƙare a shekarun 1990, aka riƙa cewa doguwar jinya ce, masu zuwa gaishe shi suka ɗauke ƙafa, kofin da ya sha ruwa ma ba a son taɓawa. Mutumin kirki ne, ya koyar da ɗaruruwan yara lissafi. Yau ko hotonsa ban san inda zan samu ba. Na gaya wa dattijon wannan, ya kama hannuna ya riƙe. Ni da shi ba mu yi muhawara a kan komai ba, ta'aziyya muka yi wa juna.

Takardun asali ba a hawa na uku ake duba su ba, sai a hawa na shida, a cibiyar tarihin San Faransisko. Can akwai ƙa'ida: ka ajiye jaka, ka cike 'yar takarda, biro ba ya shiga sai fensir. Ma'aikaciyar ta tambaye ni abin da nake nema, na ce ina so in ga wani abu daga takardun Harvey Milk. Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta turo kwali a kan 'yar kura, ta nuna mini yadda zan riƙa ciro fayil ɗaya-ɗaya ina sa alama a gurbinsa.

Milk ɗan New York ne da ya buɗe shagon kayan hoto a lamba 575 titin Castro. Ya sha faɗuwa zaɓe kafin ya ci kujerar kansila a Nuwamban 1977, ya zama mutum na farko mai neman maza a bayyane da aka zaɓa a wani muƙami a Kalifoniya. A 'yan watannin da ya yi a ofis ya tsaya aka kafa dokar da ta hana korar mutum daga aiki ko hana shi hayar gida saboda wannan dalili. Ranar 27 ga Nuwamba 1978 wani tsohon kansila mai suna Dan White ya shiga fadar ta taga ya harbe magajin gari George Moscone, ya wuce ofishin Milk ya harbe shi. Milk yana da shekara 48. Kotu ta yanke wa White shekara 7 da wata 8 kacal, kuma a daren da aka faɗi sakamakon shari'ar, 21 ga Mayu 1979, jama'a suka yi bore a wannan filin da na ratso, aka ƙona motocin 'yan sanda. Takardun da ke gabana na aikin yau da kullum ne, bugun tafireta, gefensu ya fara ja, wasu da gyaran hannu. Mutumin da ake zana fuskarsa a bango ashe shi ma zama yake yana soke kalma yana sake wata. Duk ra'ayin da mutum yake da shi a kan rayuwar Milk, jininsa jini ne, kuma hukuncin da aka yi wa wanda ya kashe mutum biyu da gangan bai yi kama da adalci ba.

A nan na ji labarin littattafan da aka yayyanka. Wajen 2001 ma'aikata suka fara tsintar littattafai a ɓoye a ƙarƙashin kantoci, an bi su da wuƙa an tsattsaga, an ƙwaƙule idanu da bakunan hotunan da ke jiki. Littattafan da suka shafi masu neman jinsi ne, da na ƙanjamau, da na lafiyar mata. Kafin a kama mai yin, ya lalata sama da 600. Da 'yan sanda suka maido da su bayan shari'a, laburaren bai zubar ba. Ya raba wa masu zane da sauran jama'a, kowa ya mai da nasa wani abin kallo, aka baje kolinsu a 2004. A matsayina na malami, wannan ɓarna ta ba ni haushi ƙwarai. Wanda bai yarda da littafi ba yana da hanyoyi: ya ƙi karantawa, ya hana ɗansa, ko ya zauna ya rubuta raddi. Wuƙa ba ta cikinsu. Cikin abin da ya yanka har da littattafan da marar lafiya zai duba ya san yadda zai kula da kansa.

Wata rana na hau tsohon taragon lantarki mai lamba F, wanda ke bin titin Market har unguwar Castro. A mahaɗar titin akwai wata ƙatuwar tutar bakan gizo a kan dogon turke. A garin nan aka ƙirƙiro ta: wani mai ɗinki, Gilbert Baker, shi ya haɗa ta da launi takwas, aka fara ɗaga ta a jerin gwanon 25 ga Yuni 1978, daga baya ta koma launi shida. Daga can ana hango tudun Twin Peaks, inda kowace shekara a wannan lokaci ake shimfiɗa wata babbar alama mai kusurwa uku, ruwan hoda, irin wadda 'yan Nazi suka riƙa liƙa wa fursunoni masu neman maza a sansanoninsu.

Reshen laburaren unguwar ƙarami ne, bene babu, an sa masa sunan Harvey Milk a 1981. Ɗan titin da yake kai kuma yana ɗauke da sunan José Sarria, wanda ya nemi kujerar kansila tun a 1961 bai ɓoye ko shi wane ne ba. Ciki na tarar da abin da ake samu a kowane reshe: yara a kan darduma, wata tsohuwa tana neman a taimaka mata ta buga takarda, kanta guda na littattafan bikin watan. A wannan reshe ne a 2015 aka fara wani shiri da ya tayar da ƙura a duk Amurka, inda maza masu shigar mata, da kwalliya da gashin kanti, ke karanta wa yara littattafan labarai. Kada mai karatu ya ɗauka duk Amurkawa sun yarda da wannan. A Yunin 2022 wasu mutane sun kutsa irin wannan zama a laburaren San Lorenzo, a ƙetaren ruwa, suka tarwatsa shi da zage-zage a gaban yara. Ƙungiyar laburarorin Amurka ta ce a 2023 kaɗai an nemi a cire littattafai 4,240 daga makarantu da laburarori, kuma kusan rabinsu sun shafi masu neman jinsi ne ko waɗanda ba farar fata ba.

Da dare na kawo wa ɗan ƙanwata maganar muna cin tuwon da matarsa ta tuƙa da garin semo. Na ce, "Kai kana kai 'yarka irin wannan zama?" Ya ce, "A'a, Kawu. Ranar Asabar muna zuwa na reshen unguwarmu, a karanta musu labarin dabbobi. Wancan an rubuta shi a takarda ƙarara, wanda ya ga dama ya kai nasa, wanda bai ga dama ba ya zauna. Ba wanda ya taɓa tambayata me ya sa ban zo ba." Matarsa ta sa baki ta ce, "Kawu, a laburaren nan fa na samo littattafan azumi na yara da Turanci, da watan Ramadan har kanta guda suke warewa." Ni ma da jikata ce ba zan kai ta wancan zaman ba, kuma ba na jin kunyar faɗin haka. Amma ƙa'idar da ta ba wa waɗancan kanta a watan Yuni ita ce ta ba wa 'yar Musulmi kanta a watan azumi, a ƙasar da Musulmi ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Wanda ya ce a rushe ta saboda wasu, ya sani ba a kansu kaɗai ginin zai faɗo ba.

Abin da ya fi zama mini a rai cikin ayyukan tarihin gari shi ne na hotunan iyali. Laburaren ya sha sa rana a unguwa ya ce kowa ya kawo hotunan gidansu. Ma'aikata su zauna da mutum, ya faɗi waye wannan, a ina aka ɗauka, wace shekara, a kwafi hoton a maido masa da abinsa. Ta haka hoton bikin aure da na shagon aski da na 'yan makaranta suka shiga ma'ajiya ɗaya da takardun magadan gari. Na duba na unguwar Fillmore. A 1942 gwamnati ta kwashe 'yan asalin Japan da ke zaune a wurin ta tsare su a sansanoni saboda yaƙi, baƙaƙen fata da suka zo aikin ƙera jiragen ruwa daga kudancin ƙasar suka cika unguwar, ta zama matattarar makaɗan jaz. Daga shekarun 1950 zuwa 1970 hukuma ta rushe ta da sunan gyaran birni, dubban iyalai suka watse. A 1970 baƙaƙen fata sun kai kashi 13 cikin 100 na mutanen garin, yanzu ba su kai kashi 6 ba. Gidajen sun tafi, coci-coci da kulob-kulob da yawa sun tafi. A hotunan ne kaɗai za ka ga mata da hulunan zuwa coci a ƙofar gidajen katako da yanzu babu ko tubalinsu. Reshen laburaren da ke wannan yanki har yau yana da tarin littattafan Japananci, na unguwar 'yan Sin kuma an sa masa sunan Him Mark Lai, masanin da ya ƙarar da rayuwarsa yana tono tarihin mutanensa tun daga dokar 1882 da ta hana leburorin Sin shiga Amurka.

Wannan aiki bai fi ƙarfinmu ba. Na'urar kwafe hoto ce, da tebur, da mutum mai haƙurin sauraro. Kakana ya bar adaka cike da takardun ajami, wasiƙun fatauci tsakaninsa da abokan cinikinsa na Gwanja da lissafin bashi da waƙoƙin wa'azi. Gara ta ci rabi, sauran aka rarraba wajen gado, ba wanda ya san inda suke. A kusan kowane tsohon gida a Kano da Zariya da Katsina da Damagaram akwai irin wannan adaka.

Ranar Juma'a na tambayi wani mai kanti ɗan Yaman inda ake salla, ya ce in jira ya rufe mu tafi tare. Masallacin yana titin Jones, a saman bene, tafiyar 'yan mintuna daga laburaren. Sahu ya cika da Yamanawa da 'yan Pakistan da baƙaƙen Amurka da 'yan Afirka ta Yamma direbobin tasi. A hanyar dawowa muka bi ta mahaɗar titin Turk da Taylor, inda a Agustan 1966, shekara uku kafin Stonewall, masu shigar mata, waɗanda 'yan sanda suka daɗe suna tsangwama, suka yi tirjiya a wani gidan abinci mai suna Compton's. A hawa na uku na karanta labarin, shi kuwa abokin tafiyata bai taɓa ji ba duk da shekarun da ya yi a unguwar. Ya ce shi abin da ya sani game da laburaren shi ne 'ya'yansa uku can suke yin aikin gida bayan makaranta, saboda ɗakinsu ɗaya ne kuma babu intanet, kuma a can matarsa ta koyi Turancin da take zuwa asibiti da shi ba tafinta.

Babban jerin gwanon bikin Pride ana yin sa ne ranar Lahadin ƙarshe ta Yuni, ya bi titin Market ya ƙare a filin da ke gaban laburaren. Tun ranar Juma'ar aka fara kafa rumfuna da shingayen ƙarfe. Ban je ba, domin a ranar ne 'yan Arewa mazauna yankin suka shirya walimar suna a San Jose, kuma an riga an sa ni cikin masu addu'a. Kafin in bar garin na koma hawa na shida na biya kuɗin kwafin hotuna biyu na Fillmore, na roƙi ma'aikaciyar ta ba ni samfurin takardar da suke cikewa idan mutum ya kawo hoton gidansu. Ta buga mini, ta ƙara da bayanin irin kwalin da ba ya cin takarda. Na yi wa shugaban tsohuwar makarantarmu waya daga Oakland, mun tsayar da magana za mu fara da hotunan ɗaliban farko da na malaman da suka rasu, a hutun ƙarshen zango.